Neman Hannu Irin na Nana

Kano

Ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata na fito, gari bai gama wayewa ba. An kwana ana ruwa, layinmu duk taɓo, sai da maigidana ya rako ni har bakin titi kafin muka sami ɗan adaidaita da zai kai ni tashar Kabuga. Ranar Talata ce, tsakiyar damina.

Bari in faɗi abin da ya tayar da ni. Sunana Binta, ina koyar da ɗaliban ungozoma a wata makarantar kiwon lafiya, kuma darasina shi ne yadda ɗa ke ƙulluwa a cikin uwarsa. Ƙanena Sani, wanda daga ni sai shi, matarsa Hauwa ta haifi 'yarsu ta fari, muna kiranta Nana. Yarinya lafiya lau, sai dai a kowane hannu yatsan tsakiya da mai bi masa a haɗe suke, a na dama kuma akwai wani ɗan ƙaramin yatsa maƙale a tsakaninsu. Likita ya ce ana iya raba su idan ta ƙara wayo. Ya duba hannuwa da ƙafafun iyayen bai ga komai ba, sai ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Muka ce ba mu sani ba.

Yatsun ba su ne suka tayar mana da hankali ba, Hauwa ce. Kafin ta san tana da ciki ta yi zazzaɓi, ta sayi magani a kemis ta sha. Ta ɗora wa ranta cewa maganin nan ne ya taɓa yarinyar. Har aka yi arba'in ba ta barcin kirki, in tana yi wa Nana wanka sai hawaye, nono ma ya fara ja baya. Na zaunar da ita na yi mata bayani iya sanina, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Yaya, ke dai so kike ki kwantar min da hankali."

Dangin Hauwa mun san su ciki da bai, babu mai irin hannun. Namu na wajen uba ne ba mu sani sosai ba, domin mahaifinmu ya rasu Sani yana goye, mahaifiyarmu ta dawo da mu Kano wajen iyayenta, ita ma yanzu ta riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa na ce zan je Getso, garin mahaifinmu, in duba da idona.

A tasha na sami mota saura mutum biyu. Direban dattijo ne mai ƙarancin magana. Da na ce kuɗin motar ya ƙaru a kan yadda na sani, sai ya ce, "Hajiya, kin daɗe ba ki bi hanyar nan ba ke nan." Na ce haka ne. Muka wuce Rimin Gado rana na fitowa. A wani shinge jami'ai suka leƙa motar, suka amsa gaisuwar direba, suka ɗaga mana hannu. Daga nan har Gwarzo gonaki ne kore shar dama da hagu, gero ya fara fitar da kai, dawa ta kai ƙirjin mutum.

Getso

Na sauka Gwarzo da hantsi, na karya da koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na shiga wata 'yar ƙaramar mota da aka cika bayanta da buhunan taki. Ita ta kai ni Getso.

Baffa Lawal, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba a gidan yanzu. Malami ne, da safe yana gona, da yamma yana koyarwa a Islamiyya. Na same shi a zaure ya dawo ke nan, laka har gwiwar wandonsa. Na durƙusa muka gaisa: gida, maigida, yara, aiki, damina, mutanen Kano, sannan muka sake komawa farko. Aka shigar da ni ciki, matarsa ta dama min fura.

Sai da na huta na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya karɓi wayata ya daɗe yana kallon hoton Nana, ya yi mata addu'a, ya miƙo min. "A gidan nan dai babu," ya ce. Ya buɗe tafukansa ya nuna min, ya kira 'ya'yansa da ke kusa su ma suka nuna. Yatsu biyar-biyar, kowanne a ware. Na fara tunanin abin da zan koma in gaya wa Hauwa.

Da azahar ta yi ya ɗauki buta ya tsuguna a tsakar gida. Ina zaune a tabarma ina kallonsa ba da wata niyya ba, har ya zo wanke ƙafa. Na ga yana tsettsefe yatsun ƙafar hagu, da ya zo na ƙarshe sai ya shafa kawai ya wuce. Na bari ya gama, na ce, "Baffa, don Allah in ga ƙafar nan."

Ƙaramin yatsan da na kusa da shi a manne suke tun daga tushe, farcen ƙaramin kuma faffaɗa kamar an haɗa biyu. Ya yi dariya. "Wannan ai ƙafar gidanmu ce. Babanku haka take, kakanku Malam Audu ma haka. Ke hannu kika tambaya."

Bayan ya dawo daga masallaci ya ce in gaya masa abin da ya haɗa ƙafarsa da hannun jaririya. Na ce masa, a kwanakin farko na ciki ɗan tayi dunƙulen ƙwayoyin halitta ne, duk iri ɗaya, babu wadda ta zama ƙashi ko jini ko fata tukuna, kowacce tana iya zama komai. Abin da ke rarraba musu aiki umarni ne da ke rubuce a cikinsu, wanda muke gada rabi daga uwa rabi daga uba. A cikin umarnin nan akwai wasu 'yan layuka da masana ke kira Hoks. Su ba sa gina komai da kansu, aikinsu su gaya wa kowace ƙwaya inda take a jiki: ke a wuya kike, ke a ƙirji, ke a ƙugu. Daga nan ƙwayar ke sanin abin da za ta zama. A jere suke kuma, bi da bi, kamar yadda jiki ke jere daga sama zuwa ƙasa. Na ƙarshen jerin su ke kula da ƙarshen gaɓoɓi, wato yatsun hannu da na ƙafa baki ɗaya.

"Hannu kuwa," na ce, "da farko kamar bakin ludayi yake fitowa, ba yatsa ko ɗaya. Sai a shata inda kowane yatsa zai bi, naman da ke tsakani ya janye. In umarnin ya ɗan karkace, sai wani wurin ya ƙi rabuwa, ko a shata yatsa fiye da kima."

"Me ke karkatar da shi?"

Na duba allunan da ke jingine a bangon zaure. Na ce, "Baffa, in mai rubutu ya maimaita kalma ɗaya sau da yawa a layi bai lura ba, wani ya zo ya kwafa daga allonsa fa?"

"Zai kwafe har da maimaicin. Wanda ya kwafa daga nasa ma haka."

Na ce to mafi yawan irin wannan haɗewar da ke bin dangi haka take, wani ɗan yanki ne ya maimaitu a layin. Wani ta fito masa a ƙafa kaɗan, wani a hannu sosai, wani kamar Sani ba a ganin komai alhali yana ɗauke da ita. Dalilin wannan bambanci, har yanzu masana ba su gama sani ba, kuma tabbacin namu sai an gwada jini. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. Mun karanta cewa mataki-mataki ake halittar mutum a ciki, ban san har an leƙa an ga yadda ake jera matakan ba."

Har na ɗauka ya gama. Can ya ce, "Akwai Delu."

Ban taɓa jin sunan ba. Ya ce yayarsu ce, uba ɗaya. Kafin kakanmu ya auri mahaifiyarsu, ya auri wata mata daga Kutama mai suna Hajo, ta haifi 'ya mace da yatsun hannu a haɗe. Uwar kakan namu ta ce Hajo ce ta jawo, don tana zuwa rijiyar bayan gari da tsakar rana da ciki, iska ta shafe ta. Kullum maganar ke nan a gidan, har Hajo ta goya 'yarta ta koma gidansu, ba a kuma je biko ba. "Duk kafin a haife ni ne," Baffa ya ce. "Sau biyu na taɓa ganin Delu, duk a wajen gaisuwar mutuwa. Ban ma tuna da ita ba da kika nuna min hoton, kin ji abin kunya."

Na kwana a ɗakin matarsa, bayan tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa. Da safe na fito na tarar da Baffa ya sa babbar riga. Ya ce tare za mu tafi.

Kutama

Muka koma Gwarzo, muka canza mota zuwa Kutama. Tambaya biyu muka yi aka nuna mana gidan su Hajo. Wadda ta karɓe mu wata tsohuwa ce, Iya Talatu, 'yar wan Hajo, tare suka tashi da Delu a gidan. Da Baffa ya faɗi ko shi wane ne, ta dube shi sama da ƙasa kafin ta ce a shimfiɗa mana tabarma.

Ta ce Hajo ta daɗe da rasuwa. Ba ta sake aure ba, ƙuli-ƙuli ta riƙa yi tana sayarwa har ta aurar da 'yarta. "Tun da ta dawo gidan nan ban taɓa ganin ta fita da tsakar rana ba," in ji Iya Talatu. "In ta ga mai ciki ta ɗauki tulu, sai ta karɓa ta ba wani ya ɗebo mata. Ta ce kada a yi biyu." Ta ce Delu tana 'yar shekara uku Hajo ta kai ta wajen wanzami ya raba mata yatsun hagu. Wurin ya ruɓe, da ƙyar yarinyar ta tashi, yatsun kuma suka sandare. Sai wannan ma ya ƙaru a kan abin da Hajo ke ɗauke da shi.

Baffa na gefe, kansa a sunkuye yana jan carbi. Ni ce na tambayi inda Delu take. Iya Talatu ta ce tana Durun ta ƙasar Kabo, mijinta ya rasu, tana zaune gidan babban ɗanta. Ta ba mu dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira a leda, ta ce mu gaishe ta.

Kabo da Durun

Daga Kutama sai da muka sake bi ta Gwarzo, muka hau motar Kano, muka sauka a hanya muka shiga Kabo. Muna isa hadari ya haɗo. Muka fake a rumfar wani mai shayi, muka yi sallah a masallacin da ke gefe, muka ci gasasshiyar masara muna jiran ruwa ya tsagaita. Masu babur suka ce hanyar Durun ta jiƙe, sai wanda ya san ta. Biyu suka yarda. A wani kwari ruwa ya cika hanya, muka sauka muka tattare tufafi muka taka, su kuma suka turo baburan. Mun shiga Durun la'asar sakaliya.

Mun same ta a ƙofar ɗakinta tana tsinkar rama a faifai, doguwar tsohuwa siririya. Baffa ya yi sallama ya tsuguna, ya ce, "Yaya, Lawal ne. Ɗan Malam Audu."

Ta ɗago ta ƙura masa ido. "Lawal na Getso? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Yaya."

"To madalla. Ku zauna."

Aka gaisa, Baffa ya gaya mata ko ni 'yar wa ce, aka kawo ruwa. Ni idona na kan hannuwanta. Na dama, yatsu biyu na tsakiya a haɗe har farce, da su take kama reshen rama ta zage ganyen da sauri. Na hagu kuwa a rabe suke, amma sun ƙage, tabo ya tattare tsakaninsu. Ta lura da kallon, ta ce, "'Yar Idi, ba ki taɓa gani ba ne?" Idi sunan mahaifina ne. Na matsa kusa na nuna mata hoton Nana.

Ta aje ramar. Ta kai wayar kusa da fuskarta, ta nisanta ta, ta sake kawowa. "'Yar wa ce?"

Na ce jikar ƙanenta Idi ce. Na gaya mata halin da uwar ke ciki. Sannan na maimaita mata abin da na gaya wa Baffa, a taƙaice: abin gado ne, ta wajen Malam Audu ya biyo, yana ɓuya a wani ya bayyana a wani. Baffa ya cire takalminsa ya miƙo ƙafar gabanta, ya ce haka ta mahaifinsu take.

Goggo Delu ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta ce a cikin 'ya'yanta bakwai, biyu suna da irin yatsan ƙafar nan, ita ta ɗauka ba komai ba ne. Sai ta juyo gare ni. "Tsaya in fahimce ki. Ke nan ba rijiyar ba ce?"

"Ba ita ba ce, Goggo. Tun ranar da aka sami cikinki abin yana tare da ke. Ko da Inna Hajo ta zauna a ɗaki wata tara ba ta leƙa waje ba, da hannun nan za ki zo."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannun daman a cinyarta tana shafa shi da na hagun. "Ranar da za ta rasu," ta ce, "wannan hannun ta riƙe. Ta ce Delu ki yafe min. Na ce Inna na yafe. Ashe ba abin da zan yafe." Baffa ne ya kasa daurewa, ya rufe fuska da hannun riga, yana cewa ta yafe wa gidansu. Ta ce, "Kai ba a ma haife ka ba, Lawal. Sa takalminka, ƙasa da sanyi."

Ɗanta ya dawo daga gona, aka yanka mana zakara. Bayan magariba na roƙe ta in ɗauki hoton hannuwanta in kai wa Hauwa. Ta janye su cikin mayafi. "Hoto zai amsa mata tambaya? In ta ce an haɗa shi ne a waya fa? Gobe ki tashe ni da wuri." Ɗan ya ce ƙafarta ba ta son doguwar tafiya. Ta ce ba da ƙafa za ta je Kano ba.

Komawa

Da sassafe baburan jiya suka zo, ruwan kwarin ya janye. A Kabo muka rabu da Baffa, shi zai koma Gwarzo. Ya riƙe ƙofar motarmu ya ce, "Yaya, ki zo Getso ki ga gidan ubanki." Ta ce, "Bari in dawo tukuna mu gani." A hanyar Kabuga ta leƙa taga ta ce geron nan ya fi nasu kai.

Mun isa gidan Sani ana kiran azahar. Hauwa na zaune bakin gado, Nana a cinyarta. Na ce, "Ga Goggo Delu, yayar Baba." Hauwa ta sauko za ta durƙusa, Goggo ta ce ta zauna, ta miƙa hannu biyu ta ce, "Kawo min ita." Nan Hauwa ta ga hannuwan. Ta tsaya da yarinyar a sama, ta kasa miƙawa ta kasa janyewa, sai da na karɓa na ɗora wa Goggo.

Goggo ta buɗe tafin Nana a kan nata. "Ni uwata ba ta taɓa shan maganin kemis ba," ta ce. "Ko kemis ɗin babu a lokacin. Kin gani dai."

Hauwa ta zame ƙasa ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta yi kuka mai yawa, ba wanda ya hana ta. Da ta lafa, abin da ta fara tambaya shi ne, "Goggo, yana ciwo?"

"Wanda aka bari ba ya ciwo. Wanda aka yanka da aska shi ke damuna in sanyi ya shigo. In za a raba mata, a kai ta asibiti wajen waɗanda suka iya."

"Akwai abin da ba kya iya yi da shi?"

Goggo ta yi tunani. "Zobe," ta ce. "Shi kaɗai."

Sani yana tsaye bakin ƙofa tun shigowarmu. A hankali ya ce, "Yaya, ke nan daga wajena ne." Na ce daga wajenmu ne, ni ma ban san ko ina ɗauke da shi ba, kuma duk ɗan da za su ƙara haifa zai iya gada, zai iya kuma tsallakewa. Ya gyaɗa kai, ya shigo ya zauna kusa da matarsa. Ba zan ce Hauwa ta warware a ranar ba, abin ya ɗauki lokaci. Goggo ta yi mako biyu a gidan, ita ke yi wa Nana wanka, kuma ta yarda a ɗebi jininta tare da na Sani da na yarinyar, muna jiran sakamako.

Ni kuwa ranar da muka dawo na isa gidana bayan la'asar, na tarar da kowa lafiya. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Baffa Lawal da ya bar gonarsa a tsakiyar aiki, da Iya Talatu, da masu baburan nan biyu na Kabo da ban tambayi sunansu ba. Mutum ɗaya ce wannan labari bai riska ba. Sunanta Hajo, kabarinta na Kutama. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.